Ɗanmu Ya Dawo: Me Muka Tambaye Shi?

 

 

Da aka ce in zo in yi magana a kan tafiye-tafiyen mutanenmu, sai na roƙi a bar ni in ɗauki gefe guda, wato dawowa. A wajen fita babu abin da wani zai koya wa mutumin Arewa. Yaron Sukukutane da bai cika shekara 20 ba ya san akuyar da za a sayar a haɗa masa kuɗin mota. Ya san in ya isa Dogondutsi hanya za ta rabu: ko ya yi Doso ya gangara Gaya ya ƙetare zuwa Malanbil da Kwatano, ko ya bi ta Ƙonni ya faɗa Najeriya, ko ya miƙe Tawa da Agadas ya tunkari hamada. Lambar ɗan garinsu da zai sauke shi tana cikin wayarsa tun kafin a yanke hatsi. Wannan ilimi gadonmu ne, tun zamanin da fatake ke kora jakai zuwa Gwanja sayen goro, har suka kafa zango a Salaga da Kumasi. Amma ranar da yaron nan ya dawo, bayan shekara 2 ko 10, me muka iya? A rangaɗa guɗa, a kawo ruwa, a ce ya hanya, ya mutanen can. Kafin ya gama amsawa, idon kowa ya koma kan jakarsa.

Zan fara da wani mutumin ƙasarmu wanda da yawa a nan ba su taɓa jin sunansa ba, alhali masu nazarin Hausa a jami'o'in Turai sun san shi sarai. Sunansa Dorugu. An haife shi wajen 1840 a Dambanas, wani ƙauye a ƙasar Damagaram. Yana yaro aka kama shi bawa, ya yi ta sauya hannu har ya tsinci kansa a Kukawa, babban birnin Barno na lokacin. A can wani Bajamushe mai yawon bincike, Adolf Overweg, ya ƴanta shi tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Overweg ya rasu a 1852 a bakin tafkin Cadi, sai abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya ɗauki yaran biyu. Suka bi ta Damagaram da Katsina da Sakkwato da Gwandu, suka ratsa Kabi da kwarin Foga inda ake dafa gishiri, nan kudu da mu, suka isa Sayi a watan Yuni 1853, suka shiga Tumbutu a watan Satumba. Daga baya suka juyo har Barno, suka keta hamada ta Kawar da Murzuk zuwa Tarabulus, suka hau jirgin ruwa zuwa Faransa, suka hau jirgin ƙasa, suka sauka Landan a watan Satumba 1855. Ku lissafa da kanku: yaron bai wuce shekara 16 ba, ya ga Kwara, ya ga Tumbutu, ya ga teku, ya ga Paris.

A Ingila ya zauna wajen wani limamin kirista, J. F. Schön, wanda ke fama da rubuta nahawun Hausa da ƙamus. Schön ya zaunar da shi, yana faɗa ana rubutawa: yadda aka kama shi, garuruwan da ya ratsa, tatsuniyoyin da ya taso da su, har da yadda Turawa ke zaman cin abinci, abin da ya ba shi mamaki ƙwarai. An buga wannan a littafin Magana Hausa a 1885, kuma yana cikin tarihin rayuwa na farko-farko da Bahaushe ya bayar da bakinsa aka rubuta da boko. Abbega ya riga shi komowa, a 1857, daga baya har ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu sai a 1864 ya dawo. Ya yi wa Turawa tafinta, da tsufa ya kama shi kuma ya koyar a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909. Ya rasu a 1912. An ruwaito cewa da aka buɗe ɗakinsa sai aka tarar da tarin tabarau, da gwangwanaye, da tufafin Turawa da bai taɓa sawa ba, da kuɗi masu yawa.

Masu ba da labarin sukan tsaya a kan ɗakin nan su yi dariya. Ni inda nake tsayawa daban ne. Daga 1864 zuwa 1909 shekara 45 ke nan. Mutum ne da ya iya karatu da rubutu, yana jin Turanci, ya ga ƙarfin Turawa da idonsa shekaru da dama kafin su zo su ci ƙasashenmu da yaƙi. Duk abin da ya iso gare mu daga bakinsa, wanda baƙo ya tambaya ne ya rubuta. Schön ba don Allah ya yi ba, yana da bukatarsa, yana son Hausar da zai fassara littattafan addininsa da ita. Na yarda. Amma dai shi ya tambaya, shi ya ɗauki alƙalami.

Ku gwada wannan da Ibn Battuta. Ya bar garinsu Tanja, a Maroko, a 1325 yana ɗan shekara 21, da niyyar hajji. Hajji ta zarce ta zama yawon duniya: Iraƙi, Farisa, gabar Afirka ta gabas, Indiya inda ya yi alƙalanci a Delhi, har ƙasar Sin. Bai komo ba sai 1349. Ya tarar mahaifinsa ya daɗe da rasuwa, mahaifiyarsa kuma annoba ta ɗauke ta watanni kaɗan kafin isowarsa. Zama bai kama shi ba, ya sake ketowa Mali a 1352, ya bi ta Takadda a yankin Azbin na ƙasarmu a 1353. Da ya koma Fas yana ba da labarin dukiyar sarkin Indiya, sai mutane suka riƙa raɗe-raɗin ƙarya yake yi. Ibn Khaldun ne ya ambaci haka. To, ku ga ashe halin ba namu kaɗai ba ne. Bambancin shi ne Sarkin Fas, Abu Inan, ya ba da umarni a haɗa shi da magatakarda, Ibn Juzayy, ya faɗa a rubuta. Saboda umarnin nan guda, yau duk mai son sanin yadda Mali take a ƙarni na 14, ko yadda ake aikin tagulla a Takadda, wajen mutumin da aka kira maƙaryaci yake zuwa.

In dawo kusa. Masu shirya fim na farko a Nijar, abin da ya fara damunsu ke nan. A 1966 Mustafa Alasan ya yi fim ɗinsa Le Retour d'un aventurier. Wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, huluna da takalma da bindigogi, ya raba wa abokansa. Suka sauya sunaye, suka hau dawaki, suka addabi garinsu, har abin ya kai ga zubar da jini. Bayan ƴan shekaru Umaru Ganda, wanda shi kansa ya yi wa Faransa soja a yaƙin Indocin, ya yi Cabascabo, wanda aka nuna a bikin finafinai na Cannes a 1969. Soja ya dawo Yamai da kuɗin sallama, abokai da ƴan mata da maroƙa suka yi masa caa. Kuɗi suka ƙare, kowa ya watse, ya koma neman aikin lebura a gaban mutanen da jiya suke masa kirari.

Na farkon, irin na fim ɗin Mustafa Alasan, muna saurin gane shi, don kullum muna ganinsa. Shi ne wanda ya yi wata 8 a Legas ya dawo fura tana ɓata masa ciki, yana gaida kawunsa a tsaye hannu cikin aljihu. Ko wanda ya yi karatu wajen wani malami a birni, ya dawo ranar farko ya fara da kafirta kakarsa. Arewa ƙasar Lugu ce da Bagaji, gidajen addinin gargajiya, kowa ya san tarihinmu, kuma duk wanda ya taɓa ganin an sauya zuciyar tsoho ya san ba da tsawa aka yi ba. Wannan laifin matafiyi ne, ba na kare shi. Na biyun kuwa, na Cabascabo, laifinmu ne mu mazauna gida, kuma shi ne ba mu son a taɓo.

Ku duba yadda abin yake yanzu. A da, mai cin rani yakan ƙulle abin da ya samu a lalita, ya sayo rediyo da keke da turamen atamfa, ya shigo gari kowa ya gani. Yau kuɗin suna riga shi isowa. Duk wata an je ofishin aika kuɗi na NITA ko Al Izza an karɓo: na hatsi lokacin da rumbu ya yi ƙasa, na magani, na sunan ɗan ƙane, na ragon layya. Guminsa an riga an cinye shi a tukunyar gidan nan tun yana can. Amma ranar da ya sauko daga mota, muna jiran tsaraba irin ta zamanin lalita, kamar bai taɓa aiko ko dala ba. Gwaggo na jiran zane, abokai na jiran kuɗin shayi a fada, surukai na jiran a zo gaisuwa da nauyi. Saurayin da ya san wannan lissafi yakan ci bashi a can don ya sayo abin rabo, ya dawo ya yi sati 3 ana masa sannu da arziki, sannan ya sake fita don biyan bashin tsarabar. Ina jin wasu iyaye mata suna murmushi. Kun san gidajen da nake nufi, ni ma na sani, ba zan faɗa ba.

Wannan ma wanda ya dawo da ƙafarsa ke nan. Akwai wanda aka koro. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙin da ba su da takardu mako 2 su fice. Mutanen da suka yi shekara 30 a Kumasi, wasu a can aka haife su, suka taho a bayan manyan motoci. A watan Janairu 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin haka a Najeriya. Yaƙin Kodebuwa da ya ɓarke a 2002 ya koro wasu. A 2011, da aka tayar wa Gaddafi, ƴan Nijar fiye da 200,000 suka baro Libiya, da yawa ba su tsira da ko albashin da suke bi ba. Tun ƙarshen 2014 kuma Aljeriya take kwaso mutane tana kawowa iyaka, ana sauke wasu kimanin kilomita 15 daga Asamaka su ƙarasa da ƙafa cikin rairayi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya faru saboda lalacin yaronmu. Shawara ce aka yanke a fadar wata gwamnati, shi kuwa giwa a garin wani zomo ce.

To, wanda ya dawo hannu Rabbana, yaya yake shigowa gari? Yakan sauka a Dogondutsi ko Matankari ya yi ta jan ƙafa a tasha har rana ta faɗi, ya nemi ɗan kabu-kabu ya kawo shi cikin duhu, ya shiga ta bayan gida. Malamanmu suna nan, su gyara mini in na kauce: ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in ya dawo daga tafiya da hantsi yake shigowa, ya fara da masallaci ya yi raka'a 2, ya zauna mutane su zo su gaishe shi, kuma ya hana wanda ya daɗe ba ya nan ya faɗo wa iyalinsa da dare ba sanarwa. Kunyar da muka ɗora wa ƴaƴanmu ta sa suna yin akasin haka daidai wa daida. Waɗansu ma ba su shigowa sam. Suna can Kwatano ko Abijan ko Tamanrasat, shekara 15, ba su da komai, ba abin da ya riƙe su illa tunanin bakin mutanen gari. Mukan ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, mu ɗora masa laifi. Ba mu cika tambayar wa ya sa ƙaya a ƙofar ba.

Kai ma da ka dawo, ina da magana da kai, ƙanena. Garin da ka bari ba ya nan yana jiranka yadda ka bar shi. Matarka ita ta yi shuka, ita ta yanke shawarar sayar da tunkiya da yaro ya kwanta ciwo, ita ta je lakwal da aka kira iyaye. Ƙanenka shi ya noma gandu damina 4. In ka shigo ka fara da "wa ya ce a yi kaza", ka ɓata abin da aka riƙe maka da wahala. Baƙo makaho ne ko yana da ido, kuma a makonninka na farko baƙo kake, ko da a ɗakin da aka yanke maka cibiya. Ka zagaya gaisuwar mutuwar da aka yi ba ka nan, gida-gida, kafin ka buɗe baki a kan gona.

Yanzu ga labarin da ya sa na karɓi gayyatar nan. A 1989 wani shirin raya karkara ya ɗauki wasu manoma daga Illela, maƙwabtanmu na Adar, ya kai su Yatenga a Burkina Faso. Tafiyar kwanaki ce, ba ta shekaru ba. A can suka ga yadda manoma irin su Yakuba Sawadogo suka gyara wata tsohuwar dabara: da rani a haƙa ƙananan ramuka a kan fako, ƙasar da ta ƙeƙashe ruwa ba ya shiga, a tara ƙasar da aka tono ta gefen gangare, a zuba taki cikin ramin. Gara ta biyo takin ta huda ƙasa, ruwan farko ya taru ya nutse maimakon ya gudu, sai a shuka hatsi a ciki. Mutanen Illela suka dawo ba rediyo ba atamfa. Kaɗan daga cikinsu suka gwada a ƴan gonaki. Damina ta 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, gonaki da yawa suka ƙone, masu ramuka suka girbe. Maƙwabta suka zo suka gani da idonsu, gani kuwa ya kori ji. Cikin ƴan shekaru wannan dabara, da muke kira tassa, ta bazu a Adar, har fakon da a da ko kyauta ba a so ya zama abin saye da sayarwa, samari kuma suka sami aikin haƙa da rani a gida. Ban san wata jaka da aka taɓa saukewa a tashar Tawa da ta kai wannan tsaraba ba.

Abin da ya sa ta yi aiki, an aike su ne don su gani, da suka dawo kuma aka tambaye su me suka gani. Mu kuwa kowace shekara ɗaruruwan ƴaƴanmu suna fita da kuɗin aljihunsu, ba shiri ba mota ta ofis, suna ganin abin da ya fi Yatenga nisa. A cikin taron nan akwai wanda ya yi shekaru yana ɗaura tayil a Tarabulus. Akwai wanda ya yi aikin lambu a kudancin Aljeriya, inda ruwan sama bai kai rabin namu ba, ya ga yadda ake shayar da tumatir da tiyo ɗigo-ɗigo. Akwai mai walda, akwai wanda ya iya haɗa faifan sola da batir, akwai wanda ya san farashin wake a kasuwannin kudancin Najeriya wata-wata, ya san lokacin da ɗan kasuwa ke cutarmu a bakin gona. Famfon gari ya lalace, sai mu zauna jiran mai gyara daga Doso, wanda ya iya kuwa yana fada yana dafa shayi, don ba wanda ya san ya iya. Ya dawo ba kuɗi, saboda haka mun ɗauka ya dawo ba komai.

Wani zai ce, malam, iyawa ba jari ai zance ne. Mai walda ba inji, ba wuta, me zai yi? Gaskiya ne, kuma ba zan yi muku alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Amma kwamin tana ba da kwangilar gyaran aji, tana ba da ta rijiya, ƙungiyoyi suna zuwa da ayyuka suna tambayar ma'aikata. In babu wanda ya san waye ya iya me, daga waje za a ɗauko, kuɗin su koma waje.

Don haka roƙona ga mai girma magajin gari ƙarami ne, bai fi kuɗin littafi da biro ba. A buɗe rajista a ofishin kwamin, kowane maigari ya taimaka: duk wanda ya dawo, a rubuta inda ya je, aikin da ya yi, abin da hannunsa ya iya. Kada a tambaye shi nawa ya kawo. In aiki ya taso, a fara duba littafin nan. Ku kuma samarin fada, daren da ɗayanku ya dawo, ku ɗauke masa kuɗin shayi, ku sa shi ya faɗa muku gaskiyar hanya, har da inda aka kwana da yunwa da inda ɗan sanda ya karɓe waya, don ƙanenku da ke shirin fita ya ji tun yanzu. Iyayena mata, ku aika wa wanda kunya ta riƙe a can cewa ya taho haka nan, ya kuma shigo da rana.

Roƙona na ƙarshe ga malaman lakwal da na koleji ne. Wanda yake ɗan shekara 20 lokacin korar Gana ta 1969 yau ya haura 75. Suna nan cikin ƙauyukanmu, su da waɗanda suka san Abijan ta zamanin shugaba Ufuwet da Legas ta kafin 1983, da tsofaffin da suka ji labarin hajjin ƙafa ta Sudan daga bakin iyayensu. Ku raba ɗalibanku biyu-biyu, kowace tawaga da waya mai ɗaukar murya, su je su zauna gaban tsoho su tambaye shi, su dawo su rubuta da Hausa, a ajiye kwafi a makaranta, a kai wani ofishin kwamin. A fara da mafi tsufa, kuma a fara cikin ranin nan.